Kifin da Sai an Auna Shi da Rula Kafin Ya Shiga Kwando

A Yeji, ko Doron Baga, ko bakin tafkin Lagdo, da kwali da daro da kwando ake cinikin kifi. Ba za ka ga wanda ya ɗauki karfasa guda ya shimfiɗa ta a kan rula yana duba tsawonta ba. In ma wani ya yi haka, sai a ce ko dai lafiya. A Amurka kuwa akwai wani kifin tafki da Amurkawa ke rubuta sunansa crappie, mu ce masa kirafi don saukin baki, wanda a jihohi da yawa ba ka da ikon kai shi gida sai tsawonsa ya cika abin da doka ta yanka. In ya gaza ko da faɗin farce ne, ruwa zai koma.

Ni ɗan kasuwar banda ne, daga Yeji nake saye in kai Kumasi, kuma a gaban idona kifin da ke cikin kwali yake ta ƙanƙancewa shekara da shekaru. Saboda haka da na samu damar yin 'yan watanni a wajen ƙanena da ke zaune a Dalas ta jihar Teksas, ba dogayen gine-gine ne suka fi ɗaukar mini hankali ba, wannan rula ce. Na bi diddiginta iya gwargwado, na ga inda take aiki, na ga inda su da kansu suka ajiye ta gefe. Abin da na fahimta shi ne zan ɗan zayyana wa 'yan uwa, musamman masu cin abinci a harkar kifi da kuma waɗanda ke da 'ya'ya ko ƙanne a can.

Wane kifi ne kirafi?

Kifin ruwan daɗi ne, asalinsa Arewacin Amurka. Wanda ya san karfasa zai gane shi da sauri: faffaɗan jiki, ƙayoyi a gadon baya, sai dai bakinsa ya fi na karfasa girma, kuma fatar bakin siririya ce ƙwarai, in ka fizgi fatsa da ƙarfi sai ta yage ya tsere. Iri biyu ne, fari da baƙi. Farin yana da zane-zane a tsaye a jikinsa da ƙayoyi 5 ko 6 a baya, baƙin kuma ɗigo-ɗigo gare shi barkatai da ƙayoyi 7 ko 8. Doka dai a yawancin wurare haɗa su take yi ta lissafa su a matsayin kifi ɗaya.

Ba ya girma can-can. Wanda ya kai rabin kilo ana ce masa mai kyau, wanda ya kai kilo guda kuwa sai an ɗauki hoto da shi. Farin kirafi mafi girma da aka taɓa rubutawa a tarihi a tafkin Enid na jihar Misisifi aka kama shi a 1957, nauyinsa bai wuce kilo 2.35 ba, kuma har yau ba a samu wanda ya doke shi ba. Ka ga ke nan kusa da giwan ruwanmu ɗan yaro ne. Amma namansa fari ne tas, mai laushi, ba ƙarni sosai. Yankan gefe biyu suke yi masa, su cire ƙashi, su shafa garin masara su soya. Shi ya sa ya bambanta da wasu kifayen da Amurkawa ke kamawa don wasa su saki: wanda ya fita neman kirafi, tukunya yake nufi.

Idan sanyi ya wuce, a kudancin ƙasar wajen watan Maris da Afrilu, ruwa ya fara ɗumi, sai kirafi ya taso daga zurfi ya zo gaɓa don yin ƙwai. Namijin ne ke share wuri a ƙasan ruwa kusa da kututture ko ciyawa, ta macen ta zuba ƙwai dubbai ta tafi abinta, shi kuma ya tsaya gadi har a ƙyanƙyashe. A wannan lokacin ne ya fi saukin kamu, don yana tattare a wuri guda kuma duk abin da ya gitta kusa da sheƙarsa sai ya kai masa cafka. Lokacin ne kuma za ka ga iyali gaba ɗaya, kaka da jika, a bakin tafki da sandunan fatsa.

Inci 10, kifi 25

A Teksas doka ta gama-gari ita ce: kirafi sai ya kai inci 10, wato santimita 25 da ɗan ɗoriya, kuma mutum ɗaya ba zai wuce guda 25 a rana ba. Da fatsa kaɗai ake kama shi. Birgi, kalli, koma, duk haramun ne a kansa.

Yadda ake awon ma a rubuce yake. Za ka kwantar da kifin a kan allon awo, ka rufe bakinsa, ka dangana shi da katangar allon, sannan ka matse reshen wutsiya biyu su haɗe, ka karanta inda ƙarshen wutsiyar ya tsaya. Akwai ma wata 'yar roba mai kama da mazurari da ake sayarwa musamman don kirafi, ka zura shi da kai, in wutsiya ta taɓa layi ya wuce. Ba a yarda ka cire kai ko wutsiya kana kan ruwa ba, sai ka sauka, saboda in jami'i ya tare ka ya samu abin da zai auna.

Ranar da muka fita da ƙanena da wani maƙwabcinsa mai ƙaramin jirgi, kifi na uku da ya hau fatsata kyakkyawa ne, wanda a Yeji ba mai raina shi. Ƙanena ya karɓa ya ɗora a kan allo ya ce, "Yaya, wannan fa bai cika ba, saura kaɗan." Na ce, "Kai, wa zai gani a tsakiyar ruwan nan?" Ya yi dariya ya ce, "Ko ba wanda ya gani, mai jirgin nan ba zai sake ɗaukarmu ba." Ya sake shi. Mai jirgin kuma ya nuna mana cewa shi ko wanda ya tsaya daidai kan layi ba ya ɗauka, don kifi in ya kwanta a ƙanƙara yakan ɗan tsuke, wanda ya cika da safe yana iya gazawa da la'asar a hannun jami'i. Abin da na lura da shi shi ne, tsoron jami'i na nan, amma kunyar abokan fita ta fi shi ƙarfi.

Lissafin da ke bayan rular

Da farko mutum zai ɗauka don a bar kifi ya yi ƙwai ne kawai aka kafa wannan awo. Akwai wannan, tunda kirafi yakan fara haihuwa yana shekara biyu zuwa uku. Amma babban dalilin lissafin nama ne, irin wanda kowane ɗan kasuwa zai gane.

Kifi ba a tsawo kaɗai yake girma ba, yana ƙara faɗi yana ƙara kauri a lokaci guda. Don haka ƙarin inci biyu ba ƙaramin abu ba ne. Kirafi mai inci 10 ya kusa ninka mai inci 8 a nauyi, mai inci 12 kuma ya kusa ninka mai inci 10. Kusan kwata na kilo ne a inci 10, ya doshi rabin kilo a inci 12. Wanda ya cire kifi yana inci 8 kamar wanda ya yanka ɗan rago ne watanni kaɗan kafin Layya.

To amma jira ma yana da nasa haɗari, domin kirafi ba mai tsawon rai ba ne, kuma ko ba a kama shi ba wasu za su mutu da kansu, wasu manyan kifaye da tsuntsaye su cinye. Bari in kawo misali da lissafi mai sauƙi. A ce akwai kifi 100 masu inci 8, aka bar su shekara guda suka ninka nauyi. In 20 ne suka mutu a wannan shekarar, saura 80, kowanne ya zama biyu, ka samu nauyin 160 a maimakon 100. An ci riba. In kuwa 60 ne suka mutu, saura 40, nauyin 80 ke nan. An yi asara, gara da an ci su tun farko. Haka kuma in ruwan ba shi da abinci, kifin ya ɗauki shekara uku kafin ya ƙara inci biyun nan, mutuwa za ta riga rula cin su.

Wannan shi ne abin da wasu masana kifi biyu, Mike Allen da Leandro Miranda, suka nuna a wani bincike da suka wallafa a 1995 a kan kirafi: awon tsawo yana ƙara yawan naman da ake samu ne kawai a inda kifi ke girma da sauri kuma mutuwar da yake yi da kansa ba ta da yawa. Mu da muke ajiye kaya mun san wannan. Wake kana iya ɓoye shi ka jira farashi in ka kare shi daga ƙwari. Tumatir kuwa wanda ya ɓoye shi ya ɓoye wa bola. Aikin masanan shi ne su gano wane tafki ne wake, wane ne tumatir.

Kowane tafki da nasa awo

Shi ya sa ba doka ɗaya ce ga ƙasar baki ɗaya ba. Kowace jiha ke yanka tata, a cikin jihar ma tafki da tafki sukan bambanta. Alabama inci 9 ce dokarta ta gama-gari, amma a tafkin Weiss inci 10 ne. A Misuri akwai manyan tafkuna masu inci 9, akwai masu inci 10. A yawancin ruwayen Luwiziyana babu awon tsawo kwata-kwata, adadi kawai aka ƙayyade, guda 50 a rana.

Can a arewacin Misisifi kuma akwai tafkuna huɗu, Grenada, Enid, Sardis da Arkabutla, waɗanda injiniyoyin sojan Amurka suka datse don maganin ambaliya. Ruwansu na cike da ƙananan kifayen da kirafi ke ci, don haka yana girma da sauri. A nan sai kifi ya haura inci 12 kafin ka ɗauka. Wanda a Teksas za ka yi murna da shi, a Grenada ruwa zai koma. Sakamakon haka waɗannan tafkuna sun yi suna a duk ƙasar wajen manyan kirafi, mutane na tuƙo mota daga jihohi masu nisa, su kama ɗakin kwana, su sayi mai, su ci abinci, su biya 'yan jagora. Ƙananan garuruwan da ke kewaye na cin arzikin inci biyun nan da aka ƙara.

A ɗaya gefen kuma akwai ƙananan tafkuna da kududdufan gona, inda kirafi ke hayayyafa har ya fi ƙarfin abincin da ke ciki. Sai ka ga kifi tsoho, shekara huɗu ko biyar, amma bai wuce tafin hannu ba, duk ido da ƙashi. In ka kafa awon inci 10 a irin wannan ruwa ka ƙara dagula al'amari, don ba wanda zai kai, ba wanda za a cire, yunwa ta ci gaba. A nan shawarar masana ita ce a kwashe da yawa, manya da ƙanana, don waɗanda suka rage su samu abin ci. Ko da manomi ya tambaye su, sukan ce kar ma ya zuba kirafi a ƙaramin kududdufi.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na tafkin Fork, gabas da Dalas. Da sanyi kirafi na komawa can ƙasa cikin zurfi. In aka jawo shi sama da sauri, jakar iskar da ke cikinsa sai ta kumbura, ko an sake shi ba ya iya nutsewa, sai ya yi ta yawo a saman ruwa har ya mutu ko tsuntsu ya ɗauke. Hukuma ta ga cewa awon inci 10 a wannan yanayi ɓarna kawai yake haifarwa, mutum ya saki goma su mutu kafin ya samu ɗaya da ya cika. Sai ta juya dokar: daga 1 ga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu babu awon tsawo a wannan tafki, amma duk kirafin da ka kama dole ka riƙe shi, ƙarami ko babba, in ka cika 25 ka tashi. Ba zaɓe. Tafki ɗaya, a watan Janairu laifi ne ka saki ƙarami, a watan Afrilu laifi ne ka riƙe shi, kuma duka biyun don amfanin kifin ne.

Wani abu kuma da rula ba ta da iko a kansa shi ne yawan haihuwar kowace shekara. Kirafi sananne ne da wannan hali: bana ƙwai su yi albarka tafki ya cika da 'ya'ya, baɗi da baɗin baɗaɗa a samu kaɗan. Tsayin ruwa a lokacin ƙwai, iska, sanyin da ya dawo ba zato, su ke yanke hukunci. Abin da awo ke yi shi ne ya ja zaren shekara mai albarka ta kai shekara biyu ko uku ana ci, maimakon a wawushe ta a kaka ɗaya.

Da na'ura ta shigo

A 2018 kamfanin Garmin ya fito da wata na'ura mai suna LiveScope, wadda ake maƙalawa a jirgi tana nuna kifi a allo kai tsaye yana motsi a cikin ruwa. Na ga irinta a jirgin maƙwabcin ƙanena. Kana ganin kifin, kana ganin fatsarka tana sauka, ka zaɓi babba ka kai masa har bakinsa. Abin da a da sai tsohon masunci mai shekara talatin a ruwa, yanzu yaro mai kuɗin na'ura yana yi. Kuma kifin da a da yake samun hutu in ya bar gaɓa ya shiga tsakiyar tafki, yanzu ba shi da maɓoya.

Awon tsawo yana kare ƙanana ne, ba ya kare manya. Da hukumar Misisifi ta ga yadda masu wannan na'ura suka yawaita a tafkunan nan huɗu, sai a 2024 ta bar inci 12 yadda yake, ta rage adadi daga kifi 15 zuwa 10 ga kowane mutum a rana, ta kuma rage na jirgi gaba ɗaya. An yi ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa na'urar ya kamata a hana, wasu na cewa an takura musu. Amma dai ka ga dokar tana bin kayan aiki ne a baya, in kayan kamu suka ƙara kaifi ita ma sai ta motsa.

Wa ke biya, wa ke tsaro?

Duk wannan auna-auna kuɗi yake ci. Ma'aikata na fita da tarkuna su kama samfur, su auna, su ciro wani ɗan ƙashi da ke cikin kan kifi su ƙirga zobensa kamar na kututturen itace don sanin shekarunsa, su tsaya a bakin ruwa suna tambayar masu fatsa me suka kama. Kuɗin daga aljihun masu kamun yake fitowa: lasisin da suke saye duk shekara, da harajin da wata dokar tarayya ta 1950 ta ɗora a kan kayan fatsa, wanda ake rarraba wa jihohi don aikin kifi. Wanda ya biya kuwa yakan sa ido.

A nan zan ɗan ja kunnen 'yan uwanmu da ke can ko masu shirin zuwa, don jinin kasuwa ba ya ɓuya. Bahaushe in ya ga kifi mai daɗi kyauta a ruwa, ga kuma 'yan Afirka a unguwa masu marmarin ɗanyen kifi, lissafi zai fara. To a sani: a Teksas da yawancin jihohi haramun ne sayar da kirafin da aka kamo a tafki. Ka ci, ka ba maƙwabci kyauta, amma ban da ciniki. In kuma kifin da aka kama ba bisa ƙa'ida ba ya tsallaka iyakar jiha, maganar na iya zama ta tarayya a ƙarƙashin dokar Lacey. Ƙananan laifuka irin na kifin da bai cika awo ba, a Teksas tararsu daga dala 25 zuwa 500 ce, ban da kuɗin diyyar kifin da hukuma ke bi daban. Ga baƙo mai neman takardun zama, shiga littafin kotu a kan kifin kwata na kilo ba dabara ba ce. A sayi lasisi, a karanta dokar tafkin da za a je a wannan shekarar, don sukan sauya ta, a bar birgi a gida. A Teksas yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya buƙatar lasisi, amma awo da adadi sun hau kansa kamar kowa.

To mu fa?

Ba zan ce a ɗauko rular Amurka a kawo Yeji ba. Su nishaɗi suke yi a ranar hutu, in mutum ya saki kifi goma ba abin da zai hana 'ya'yansa cin abincin dare. Masuncinmu kuwa abin da ya kamo shi ne tuwon gidansa da bashin man injinsa. Sannan kifin fatsa da ransa yake fitowa, ana iya mayar da shi. Wanda ya kwana a kalli ya riga ya mutu, mayar da shi ruwa ciyar da kada ne kawai.

Rularmu a idon taru take. In ido ya yi faɗi, ƙaramin kifi ya wuce ta ciki ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Kuma ba sabon abu ba ne a takarda: dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta Najeriya ta 1992 ta hana taru mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, in ban da na kama irin su warangi. A tafkin Kainji an yi fama da masu jan dala a shekarun 1990 har aka haramta ta saboda yadda take share 'ya'yan kifi. Gana ma tana da nata dokokin idon taru. A tafkin Biktoriya na gabashin Afirka har awon tsawo suka yanka wa giwan ruwa, daga santimita 50 zuwa 85. Kafin duk waɗannan ma akwai namu na gargajiya, inda Sarkin Ruwa ke rufe tafki sai ranar su, kamar yadda ake kiyaye Matan Fada a Argungu. Doka dai ba ita muka rasa ba. Amma kowa ya san gidan sauro na shiga ruwa, dumba na tare hanyar kifi baki ɗaya, wasu ma har gamalin suke zubawa.

Darasin tafkin Fork da na Grenada yana da amfani a nan, don kar mu yi wa kowane ƙaramin kifi kuɗin goro. Warangi ko ya tsufa bai wuce ɗan yatsa ba, haka Allah ya yi shi, yana haihuwa da wuri yana mutuwa da wuri, barinsa a ruwa ba ya ƙara masa komai. Shi ne tumatir. Amma ɗan giwan ruwa mai tsawon tafin hannu, ko ɗan bargi, ko ɗan yauni, ko ragon ruwa da bai kai ko'ina ba, waɗannan wake ne, kuma su ne muke gani a ƙasan kwali ana sayar da su da kuɗin warangi. Kifin da zai iya kai kilo ashirin ko fiye an banda shi yana giram ɗari. Haka kuma a Tafkin Chadi da fadamun Logone, ambaliya ce ke yanke yawan kifin shekara, in ruwa ya cika kifi ya cika. Wannan ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne ko za mu cinye albarkar shekara mai ruwa a wata uku, ko mu bar ta ta yi nauyi.

Kuma maganar gaskiya, jami'in gwamnati ba zai iya bin kowane kwale-kwale a tafkin Bolta ba, ruwan da ya kai faɗin murabba'in kilomita 8,500. Amma kusan duk kifin da ya fito daga cikinsa sai ya bi ta 'yan kasuwanni ƙalilan, ta hannun mutane ƙalilan, mu ke nan. Mu ne ke ba masunci bashin taru. Sau da yawa mu ne ma ke sayo tarun daga Kumasi ko Anacha mu kai masa, mun san idonsa tun kafin ya taɓa ruwa. Matanmu ne ke bandar kifin, su suka fi kowa sanin cewa ƙananan sun fi cin itace da wahalar juyi, sun fi saurin farfashewa a mota, kuma in an isa kasuwa su ne ake yi wa tayin wulaƙanci.

Ɗan kasuwa guda ba zai iya ƙin sayen 'ya'yan kifi shi kaɗai ba, na kusa da shi zai saye. Amma muna da ƙungiyoyi, muna da sarakunan kasuwa da na zango, waɗanda in suka ce ba a sauke kaya ranar kaza, ba a saukewa. Irin wannan murya za ta iya cewa ba mu ba da bashin taru mai ƙaramin ido, kuma kwalin da aka samu 'ya'yan giwan ruwa a ciki ba ya hawa mota. Za ta iya fara wa da kifi biyu ko uku da kowa ya yarda suna girma, a yanka sanda daidai tsawon da aka amince, a rataye ta a bakin kasuwa. Shekarar farko za a ji jiki, masunci zai ji, mu ma za mu ji, kuma adalci shi ne a raba wannan nauyi, a ɗaga wa masunci ƙafa a bashin da ke kansa, a ƙara masa farashin manya. In ba a yi masa haka ba, zai koma wa gidan sauro ne da dare, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Waɗanda suka girme ni a wannan sana'a suna ba da labarin lokacin da kifi huɗu ko biyar ke cika kwando. 'Ya'yanmu da ke taya mu ɗaure kwali yau ba su taɓa ganin haka ba, suna ɗauka yadda kifi yake ke nan. Ina ganin ya kamata shugabannin ƙungiyoyinmu na Yeji, Baga, Lagdo da Yawuri su sa wannan magana a zamansu na gaba, tare da sarakunan ruwa da wakilan masunta. Allah ya albarkaci ruwayenmu, ya sa mu bar wa na baya abin da za su kama.